Cefanar da asibitocin gwamnati: yadda ɗaliba za ta rubuta maƙala mai hujja

“Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku a jami'a a nan Gombe, ina karantar lafiyar al'umma. An ba mu aikin rubuta maƙala mai shafi takwas kan ko ya kamata gwamnati ta cefanar da asibitocinta ga 'yan kasuwa, kuma bayan mun miƙa za a raba mu gida biyu mu yi muhawara a aji. Matsalata biyu ce. Duk sanda na yi rubutu sai malami ya maido mini da shi da jan biro, ya ce labari nake bayarwa, ba hujja nake kawowa ba. Sannan ni kaina ban san ɓangaren da zan tsaya ba, domin na ga wahalar asibitin gwamnati lokacin jinyar mahaifiyata, na kuma ga tsadar asibitin kuɗi. Ta ina zan fara?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya, ya ba ki ladan jinya. Kin ce matsalarki biyu ce, rubutun da ake maido miki da kuma rashin sanin inda za ki tsaya. A wurina guda ɗaya ce. Wanda bai tantance abin da yake son tabbatarwa ba dole ya cika takarda da labari, tunda ba shi da maganar da zai kafa wa hujja. Na daɗe ina koyar da wannan fanni ina kuma duba kundayen ɗalibai, kafin nan na yi aiki a asibitin gwamnati a karkara, kuma yawancin rubutun da nake mayarwa ba raunin Turanci ne ya kayar da shi ba. Mai shi ne ya ɗauki biro tun bai gama tunani ba. Saboda haka zan fi daɗewa a kan batun kansa, daga baya in zo kan yadda ake zuba shi a takarda.

Me ake shirin sayarwa?

Idan aka ce a cefanar da asibiti, kowa a ajinku da abin da zai hango. Wani yana ganin an sayar da gini da gadaje da fili ga wani attajiri. Wani yana ganin ginin na nan hannun gwamnati amma an ba kamfani ya gudanar da shi na wasu shekaru, kamar yadda aka yi da Asibitin Garki a Abuja a 2007 lokacin da aka miƙa gudanar da shi ga asibitin kuɗi na Nisa Premier. Wani kuma sashe ɗaya kawai yake nufi, ɗakin gwaje-gwaje ko ɗaukar hoto ko wankin ƙoda ko shara da wanki. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Don haka ki riƙe tambaya uku a duk misalin da za ki karanta: wa ya mallaki wurin, wa yake gudanar da shi, wa yake biya idan mara lafiya ya zo.

Ta ukun nan ita ce ɗalibai suka fi mantawa, alhali ita ce ta fi taɓa rayuwar mutane. A Ingila, tun kafa hukumar lafiyarsu ta ƙasa a 1948, yawancin likitocin unguwa masu zaman kansu ne da ke aiki bisa kwangila, amma mara lafiya ba ya ciro ko sisi a ƙofar likita, haraji ne ke biya. Mu kuma a nan akasin haka ne. Gini na gwamnati, ma'aikata na gwamnati, amma aljihun majinyaci ne ke ɗaukar nauyi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane suke fitowa kai tsaye.

Ke ma kin san yadda wannan lamba take a zahiri. An kawo mai naƙuda cikin dare a Keke Napep. Kafin a gama kwantar da ita an miƙa wa mijin 'yar takarda: safar hannu, auduga, ledar ƙarin ruwa, sirinji, allurar tsayar da jini, zaren ɗinki. Kantin maganin asibitin yana da wasu, ba shi da wasu, sai ya fita bakin ƙofa yana buga wa mai kemis ƙofa. Idan aka ce sai an yi aiki, ko ana buƙatar leda biyu ta jini, sai a shiga kiran 'yan'uwa a waya, wani ya turo dubu biyar, wani ya ce a jira gari ya waye a kai akuya kasuwa. Duk wannan a cikin asibitin da sunansa na gwamnati. Ashe ta fuskar biya, an riga an cefanar da rabin abin tun kafin a ba ku wannan aiki.

Ba da rana ɗaya aka zo nan ba, kuma maƙalarki tana buƙatar sakin layi ɗaya ko biyu na tarihi. A 1978 ƙasashen duniya suka haɗu a Alma-Ata suka yi alƙawarin lafiya ga kowa ta hanyar kula a matakin farko. Ba a jima ba farashin mai ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasashe katutu, a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoton da ya ba ƙasashe masu tasowa shawarar su riƙa karɓar kuɗi daga marasa lafiya, a shekarar kuma ministocin lafiya na Afirka suka amince da tsarin Bamako, wanda daga gare shi aka samo asusun juya kuɗin magani da kike gani a asibitocinmu. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ce kowace ƙasa za ta ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya. Gwamnatin tarayya, mai masaukin taron, ba ta taɓa kai wannan kaso ba, yawancin shekaru tana kewayen kashi 5 ne.

Abin da masu son cefanarwa ke cewa, kuma da gaskiyarsu

Kada ki raina wannan ɓangare ko da ba shi kika zaɓa ba. Maƙalar da ta mayar da abokan hamayyarta wawaye ba ta burge mai dubawa. Masu wannan ra'ayi suna cewa a asibitin gwamnati babu wanda asara ke ci wa tuwo a ƙwarya. Na'ura ta miliyoyin naira takan lalace saboda ƙaramin abu, ta yi wata da watanni a rufe da ƙyalle ana jiran takarda ta fito daga ma'aikata. Wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba albashinsu ɗaya a ƙarshen wata. Yajin aiki yakan rufe ƙofa makonni. Wasu ma'aikatan da safe suna asibitin gwamnati, da yamma suna nasu, kuma akwai masu tura marasa lafiya daga nan zuwa can. Na ga duk waɗannan da idona, ba zan ce miki ƙage ba ne.

Akwai ma bincike da ya ba su wani yanki na gaskiya. A 2012 Sanjay Basu da abokan aikinsa sun tattara nazarce-nazarce da dama kan asibitocin gwamnati da na kuɗi a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, suka buga a mujallar PLoS Medicine. Sun samu cewa na kuɗi sun fi saurin ganin mara lafiya, sun kuma fi karɓarsa da mutunci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matar da aka daka wa tsawa a ɗakin haihuwa ba za ta dawo ba, za ta haihu a gida, ta kuma hana ƙanwarta zuwa. Sai dai binciken nan dai ya samu cewa masu zaman kansu sun fi yawan saɓa ƙa'idojin magani, kuma bai samu hujjar cewa sun fi iya tattalin kuɗi ba. Idan kika kawo rabin farko kika ɓoye na biyu, ko kika yi akasin haka, kin ci amanar mai karatu.

Misalin da za ki fi ji ranar muhawara shi ne wayar salula. Kafin 2001 layukan waya a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, aka ba kamfanoni lasisi, yau ga waya a hannun mai tallan gyaɗa. Gaskiya ne. Amma ki lura da abin da ya faru: ba sayar da NITEL, kamfanin waya na gwamnati, ne ya kawo wannan ba, buɗe fili aka yi kamfanoni da yawa suka shiga gasa, wanda bai gamsu da wannan layi ba ya koma wancan. A watan Nuwamba na 2013 kuma aka miƙa kamfanonin rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa, kowane da yankinsa shi kaɗai, mai gida ba shi da wani wurin komawa. Tambayar da maƙalarki za ta yi ita ce, babban asibitin da ke Nafada ko Dukku ya fi kama da wanne? Mutumin ƙauyen da ya yi tafiyar awa guda a kan babur kafin ya iso ba shi da asibiti na biyu da zai yi barazanar komawa.

Dalilin da ya sa lafiya ba ta bin dokar kasuwa yadda ake so

Tun 1963 masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya yi bayanin wannan, kuma ya kamata sunansa ya fito a maƙalarki. Mai sayen atamfa yakan taɓa, ya taya, ya wuce rumfa ta gaba, in bai samu yadda yake so ba ya dawo gobe. Mara lafiya bai san ranar da ciwo zai zo ba, bai san abin da ke damunsa ba, kuma wanda zai sayar masa da maganin shi ne dai zai gaya masa abin da yake buƙata. Idan kuɗin shigar likita ya dogara da yawan gwaji da yawan tiyata, za a samu gwaji da tiyata da yawa ko da kowa mutumin kirki ne. A Brazil, fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwa a asibitocin kuɗi ta hanyar tiyata ake yi, adadin da ya zarce duk abin da larura za ta iya bayyanawa.

Amma misali mafi ƙarfi yana nan jiharmu, kuma ina mamakin yadda ɗalibanmu ke tsallake shi su tafi neman misali a Amurka. Ina nufin asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo. Wanda ake kawowa can yawanci manomi ne ko makiyayi, daga Kaltungo da Billiri da Balanga da Shongom, har daga Taraba da Adamawa da Bauchi, kuma sun fi yawa lokacin shuka da lokacin girbi. Macijin da ya fi yin ɓarnar shi ne kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai iso ƙafa a kumbure, dasashi na zubar da jini, tsohon miki ya buɗe. Ma'aikaci zai ɗebi ɗan jini ya zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, ya ajiye minti 20, ya karkata ta. In jinin ya kwarara kamar ruwa, an san dafi ya shiga jiki, sai allurar kashe dafi. Da ita yawanci a tashi, ba ita kuwa sai abin da Allah ya yi.

To wane ɗan kasuwa ne zai zuba jarinsa a nan? Maganin yana da tsada, mai buƙatarsa ba shi da kuɗi, kuma ba zai iya jira ya tara ba. Ba sai mun yi hasashe ba, an riga an ga amsar. Kamfanin Sanofi yana da maganin dafi mai kyau da aka yi domin Afirka, Fav-Afrique, ya daina yin sa saboda kasuwarsa ba ta biya, kason ƙarshe ya ƙare wa'adinsa a 2016. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Maganin EchiTAb da ake amfani da shi a Kaltungo ya samu ne ta haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da masana a Liverpool da Oxford, aka kai macizanmu can aka tatsi dafinsu, ana sarrafa maganin a Birtaniya da Kosta Rika. Ki duba darasin da ke ciki da kyau, domin ya taɓa ɓangarorin biyu. Kamfani mai zaman kansa yana iya sarrafa maganin da inganci, amma sai gwamnati ta saya ta bayar kafin ya isa jikin manomi. Kuma jaridu sun sha ruwaito lokutan da maganin ya yanke saboda ba a saya a kan kari ba, wanda laifin ɓangaren gwamnati ne tsantsa.

Ko a manyan asibitocin birni, inda ake ganin akwai riba, kwangila takan zama tarko ga gwamnatin da ba ta ƙware wajen rubuta ta ba. A ƙasar Lesoto an buɗe sabon babban asibiti a Maseru a 2011, wanda gamayyar kamfanoni ƙarƙashin Netcare ta Afirka ta Kudu ta gina ta kuma gudanar. Binciken da aka yi ya nuna kula da marasa lafiya ta inganta idan aka kwatanta da tsohon asibitin. Amma a 2014 ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoton cewa yarjejeniyar tana cinye fiye da rabin kasafin lafiya na ƙasar, yayin da yawancin jama'a ke zaune a karkara nesa da shi. A 2021 gwamnati ta soke kwangilar. Asibiti ɗaya ya yi kyau, sauran sun rame. Wannan shi ne haɗarin da nake ji wa jiha irin tamu.

Inda ni na tsaya

Tunda kin ce ba ki san inda za ki tsaya ba, ba zan ɓoye miki nawa matsayin ba. Ban yarda a sayar da asibitocin gwamnati a Gombe ba, ban kuma yarda a bar su yadda suke ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina goyon bayan a ba 'yan kasuwa ayyukan da ake iya aunawa a ƙirga, kamar kula da na'urori, samar da iskar oksijin, wutar sola, wanki da shara, har da ɗakin gwaji, da sharaɗin farashi a rubuce a manne a bango, kwangila gajera, kuma a bayyana ta kowa ya gani. Amma haihuwa, rigakafi, tamowa, tarin fuka, kwalara, saran maciji da taimakon gaggawa, waɗannan nauyin hukuma ne, domin su ne inda riba ta fi ƙaranci buƙata ta fi yawa.

Babban gyaran kuwa yana wajen biya. A fitar da kuɗin daga ƙofar asibiti a mayar da shi asusun da aka tara tun kafin ciwo ya zo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, sashe na 20 na dokar kuma ya hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta mayar da inshora wajibi, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. A jiha muna da GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jihar Gombe. Idan irin waɗannan asusu suka yi ƙarfi, suna iya sayen aiki daga asibitin gwamnati ko na kuɗi, duk wanda ya cika ƙa'ida, kuma a lokacin maganar wa ya mallaki gini za ta rage zafi. Yuganda ta soke karɓar kuɗi a asibitocin gwamnati a 2001, zuwan talakawa asibiti ya ƙaru. Ghana ta kafa inshorarta a 2003 domin ta rabu da tsarin biya-kafin-a-duba-ka. Duk biyun sun gamu da matsalar ƙarancin magani ko jinkirin biyan asibitoci, wannan ma ki faɗa.

Akwai kuma hanya ta uku da ɓangarorin biyu kan manta, wato asibitin da ba na gwamnati ba kuma ba na neman riba ba. Asibitocin mishan sun daɗe a ƙasar nan. A tarihin Musulunci ma haka, babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi ake gudanar da shi. Sakin layi ɗaya kan wannan zai bambanta maƙalarki da ta sauran.

Ba dole ki ɗauki matsayina ba. Ni ma'aikacin lafiya ne da ya yi zama a karkara, kuma wannan yana rinjayar inda nake sa nauyi. Malamin tattalin arziki zai fi ni zurfafawa a lissafin abin da jiha za ta iya ɗauka, lauya kuma a sharuɗɗan kwangila. In kin samu dama ki ji ta bakinsu.

Yadda za ki zuba shi a takarda

Kafin ki rubuta komai, ki rubuta matsayinki a jimla ɗaya wadda mai hankali zai iya musantawa. “Lafiya tana da muhimmanci ga ci gaban ƙasa” ba matsayi ba ne, babu mai jayayya da shi. “Miƙa manyan asibitocin ƙananan hukumomin Gombe ga 'yan kasuwa zai rage zuwan talakawa asibiti, sai dai in inshora ta riga ta rufe su” matsayi ne, domin ya faɗi wuri, ya faɗi sakamako, ya faɗi sharaɗi. Ki manna wannan jimla a gabanki. Duk sakin layin da bai taimaka mata ba, ko bai kawo ƙalubale gare ta ba, ki cire shi ko da kin sha wahalar rubuta shi.

Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya. Ki fara da da'awarki, ki kawo shaidar da ta tallafa mata tare da sunan mai ita da shekara, sannan ki faɗa da bakinki abin da shaidar ke nufi ga Gombe. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ake tsallakewa. Ɗalibi zai jero “wane ya ce, wance ta ce” shafi biyu, ba a ji muryarsa ko sau ɗaya ba. Malami ba tarin maganganun mutane yake nema ba, yana son ya ga kin auna su.

Jinyar mahaifiyarki kuwa kada ki zubar da ita, ita ce jarinki. Abin da za ki yi shi ne ki mayar da labarin tambaya. Me ya fi wahalar da ku, jira ne, ko kuɗi, ko rashin magani, ko halin ma'aikata? Kowanne daga ciki akwai waɗanda suka auna shi a kan dubban mutane. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, wanda Hukumar Ƙidaya ke gudanarwa, yana tambayar mata abin da ke hana su zuwa asibiti, kuɗi ne, nisa ne, izini ne, ko rashin mai rakiya, kuma yana kawo amsar jiha-jiha. Ki buɗe rahoton ki nemo layin Gombe. A nan ne abin da ya faru da gidanku zai koma hujja.

Ki yi hattara da lamba. Binciken nan na 2018 ya ce mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suka ƙiyasta 1,047 a 2020. Ba wai mutuwar ta ninka cikin shekara biyu ba ne, hanyar lissafin ce ta bambanta, ɗaya tambayar mutane aka yi game da 'yan'uwansu mata, ɗaya kuma ƙiyasi ne da aka gina a kan bayanai daban-daban. Na ga kundaye da suka haɗa biyun suka zana hoton hauhawa. Duk lambar da za ki kawo, ki faɗi wa ya ƙirga, yaushe, a ina. Haka nan ki auna kalmominki daidai da ƙarfin shaidar. A 2022 masu bincike daga Jami'ar Oxford sun buga a mujallar The Lancet Public Health cewa a Ingila, tsakanin 2013 da 2020, ƙaruwar miƙa ayyukan lafiya ga kamfanoni masu neman riba ta zo tare da ƙaruwar mace-macen da ake iya kaucewa da magani. “Ta zo tare da” za ki rubuta, ba “ta haddasa” ba. Sannan ki tuna Ingila ba Gombe ba ce, ki faɗi dalilin da ya sa kike ganin darasin zai yi aiki a nan ko ba zai yi ba.

Wajen neman abin karantawa, Google Scholar da PubMed da African Journals Online sun ishe ki, ki kuma tambayi ma'aikatan laburare ko makarantarku tana da shiga Hinari, shirin Hukumar Lafiya ta Duniya da ke ba ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallun lafiya. Maƙala goma da kika karanta da kyau sun fi arba'in da kika leƙa kansu. Ki tanadi littafi, duk abin da kika karanta ki rubuta sunan marubuci da shekara da shafi, sannan ki rufe takardar ki rubuta abin da kika fahimta da kalmominki. Wannan ɗabi'a ita ce maganin satar rubutu, domin yawancin masu yin ta ba da niyya suka fara ba, kwafe suka yi da nufin gyarawa daga baya, lokaci ya ƙure. Manhajar Zotero kyauta ce, za ta jera miki manazarta a tsarin APA ko Vancouver, duk wanda sashenku ya ce, kuma ƙa'idar sashenku tana gaba da duk abin da na faɗa a nan. Manhajojin nan masu rubuta wa mutum amsa kuma sukan ƙirƙiro sunan marubuci da mujallar da babu su. Duk abin da ba ki buɗe da idonki ba kada ya shiga manazartarki.

Da Turanci za ki rubuta, na sani, kuma a nan ne da yawa ke ruɗewa, su ɗauka manyan kalmomi ne ilimi. Ki samu ƙawarki wadda ba fanninku ɗaya ba, ki yi mata bayanin hujjarki da Hausa cikin minti biyar. Duk inda ta ce “ban gane ba”, ko kika ji kina kame-kame, to tunanin ne bai nuna ba, ba Turancin ba. In ya fita sumul da Hausa, ki rubuta shi da gajerun jimloli. Idan kina da hali ki ƙara ɗan aikin ƙafa: ki karɓi takardar gabatarwa daga sashe, ki je asibitin gwamnati ɗaya da na kuɗi biyu, ki tambayi kuɗin kati, gwajin zazzaɓin cizon sauro, hoton ciki, haihuwa da tiyatar haihuwa. Kada ki ambaci sunan mara lafiya ko ma'aikaci, kuma ki bayyana cewa wurare uku ba su wakiltar jiha.

Ranar muhawara ana iya jefa ki ɓangaren da ba ki yarda da shi ba, kuma hakan alheri ne gare ki. In kina ɓangaren cefanarwa, ki taƙaita da'awarki ga ayyukan da ake iya aunawa, ki riƙe maganar jinkiri da wulaƙanci da na'urorin da ke kwance, ki amsa tun da wuri cewa dole hukuma ta biya wa marasa hali. In kina ɗaya ɓangaren, ki amince da gazawar asibitin gwamnati kafin a jefe ki da ita, sannan ki nemi abokan karawarki su faɗi ƙarara wane irin cefanarwa suke nufi, da wanda zai biya wa manomin da aka kawo Kaltungo. Gabatarwar maƙalar ki bar ta sai ƙarshe, bayan kin ga inda hujjojin suka kai ki. Kafin ki fara shafi takwas ɗin ma, ki kai wa malaminku shafi ɗaya mai ɗauke da jimlar matsayinki da kanun sakin layukanki, ki roƙe shi ya sa jan bironsa a nan tukuna.